A Ƙirga Su, Amma Kada a Nuna Makwancinsu

Wannan ne rubutuna na ƙarshe a mujallar nan kafin mu tattara namu ya namu, don haka a yi mini haƙuri in na ɗan ja zance.

Duk wanda motar dare ta taɓa saukewa a Kano, ya ratsa tsakiyar gari wajen ƙarfe biyu ko uku, ya san abin da zan faɗa. Garin da ka sani da rana, na cunkoson adaidaita sahu da hayaniyar 'yan kasuwa, ba shi ne na dare ba. Rumfar da aka tashi tun magariba ta zama ɗaki, teburin mai tumatir ya zama gado. Ƙarƙashin gada, bakin shaguna, barandar masallaci, cikin mataccen bas a tasha, ko'ina mutane ne a kwance, wani a kan kwali, wani ya zura ƙafafunsa cikin buhu saboda sanyi. Ana kiran assalatu za su miƙe su naɗe kwalin. Mai shagon da zai zo buɗewa ƙarfe tara ba abin da zai tarar sai ƙofar da aka share masa tas.

Su nawa ne? Ni ɗalibin ƙididdiga ne, ajin ƙarshe na difloma, kuma wannan tambayar muka ɗauka a matsayin furojet, ni da abokan rukunina uku. Na shiga aikin da tunani ɗaya, na fito da biyu. Har gobe ina kan bakana cewa ya kamata a riƙa ƙirga mutanen nan duk shekara, ƙirga ta ilimi ba ta shaci-faɗi ba. Amma taswirar da za ta nuna takamaiman inda kowannensu yake kwana, wannan kam ban yarda a zana ta ba, ko da kuwa ni aka ba kwangilar.

Bari in fara da ƙirgar. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun watan Maris na 2006, lokacin ko makarantar allo ba a sa ni ba. A nan ne aka ce mu miliyan 140 ne, Jihar Kano kuma miliyan 9.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan. To ko da an yi, ƙidayar ƙasa a kan gida aka gina ta. Malamin ƙidaya gini yake bi, ya rubuta lamba a bango, ya yi sallama ya nemi maigida. Haka masu allurar rigakafi suke bi gida-gida, haka ake raba katin karɓar gidan sauro. Fom ɗin katin ɗan ƙasa ma sai ka rubuta adireshi. Kun ga ke nan mutumin da ba shi da bangon da za a rubuta wa lamba, duk wani alheri da ake rabawa ta ƙofar gida ya wuce shi, alhali shi ne sauro ya fi ci.

Abin da ya maye gurbin ƙirga shi ne ƙiyasin baki. Ka kunna rediyo da safe, wannan ya ce dubbai ne, wancan ya ce ai sun kai miliyan. Wanda yake so a tausaya ya ƙara sifili, wanda yake so a ce gwamnatinsa ta yi aiki ya rage. Ba kuma wanda zai iya ƙaryata wani. Duk wanda ya taɓa leƙa yadda ake tsara kasafin kuɗi ya san abin da ba shi da adadi ba shi da layi a takarda, abin da ba shi da layi kuwa ko kwabo ba ya samu.

Sai dai tun kafin mu fita, gardama ta kaure a rukuninmu a kan wa ma za mu ƙirga. A littattafan da muke karantawa, waɗanda galibi Turawa suka rubuta, abin a fili yake: marar gida shi ne wanda ba shi da inda zai kwana. A Kano ba haka abin yake ba. Ɗauki ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauyukan Jigawa, ko daga Damagaram ko Maraɗi, bayan an gama girbi, yana dako a Kantin Kwari ko Singa, ko yana tura kurar ruwa. Wannan mutumin yana da gida, da mata, da gona, wataƙila har da shanun huɗa. A bakin shago yake kwana don kuɗin hayar ɗaki su ne ribar zuwan nasa, so yake ya koma da su kafin ruwa ya sauka. Ka ce masa "ba ka da gida?" ka ga yadda zai kalle ka, zagi ne ka yi masa. Ga mai gadi, wanda kwanan wajen shi ne aikin da ake biyansa. Ga almajirin da yake kwana a zauren malam ko a kangon da ba rufi, shi a wane layi za a sa shi? Ga matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina da 'ya'ya uku, gidanta yana nan amma ba ya komuwa. Ga mai taɓin hankali, ga yaron da ya gudo daga gidan kishiyar uwa, ga dattijon da 'ya'ya suka watse suka bari.

Mu ma fa kada mu cika baki. Dukkanmu mun san ɗaliban da ba su samu gado a hostal ba, ba su da kuɗin haya a waje, sati guda a ɗakin aboki, sati guda a aji da sunan karatun dare, jakarsu a masallaci. Ba mai kiransu marasa gida saboda da safe suna fitowa da guga a riga. In da gaske ake ƙirga, wasunmu suna ciki.

Abin da muka tsaya a kai shi ne ba za mu tambayi kowa ko yana da gida ba. Tambayar ita ce: "A ina ka kwana jiya, kuma tun yaushe kake kwana a nan?" Wannan ba ta ci wa kowa fuska, kuma ita ce take rarrabe mutane. Rarrabewar kuwa ita ce amfanin aikin gaba ɗaya, domin buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Ɗan ci-rani ba gidan marayu yake nema ba, gidan wanka da ban-ɗaki yake so mai araha da yake buɗe da dare, da inda zai ajiye 'yan kuɗinsa kada a yanke masa aljihu yana barci. Matar da aka koro ɗaki mai ƙofa take buƙata da makaranta ga yaranta. Mai taɓin hankali likita yake buƙata, irin na asibitin Dawanau. Ka haɗa su duka a adadi ɗaya ka ce "mabarata", ka ɓata lissafin, ka kuma yi wa mafi yawansu ƙazafi, don da yawansu ba su taɓa miƙa hannu sun roƙi kowa ba.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A Amurka, cikin kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu ake fita a dare ɗaya a ƙirga masu kwana a waje, a haɗa da na gidajen agaji, kuma ƙirgar 2024 ta ba da mutum sama da 770,000. Birnin Paris ya fara irin wannan a Fabrairun 2018, aka yanka birnin gunduwa-gunduwa, 'yan sa-kai suka bi layi-layi, suka samu kimanin mutum 3,000. Indiya, wadda yanayinta ya fi kama da namu, ta ware daren 28 ga Fabrairu a ƙidayarta ta 2011 don marasa gida kaɗai, ta samu wajen miliyan 1.77. Dalilin yin abin a dare ɗaya a fili yake: mutum ba ya kwana wuri biyu a lokaci guda, don haka ba za a ƙirga shi sau biyu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar birnin New York. Sun san masu ƙirga za su tsallake wasu, sai suka riƙa dasa mutanensu a tituna, su zauna kamar marasa gida. Da safe a duba, cikin waɗanda aka dasa, nawa masu ƙirga suka gani? In an dasa ɗari aka ga tamanin, an san ke nan ana tsallake ɗaya cikin biyar, sai a gyara jimillar. 'Yan ajinmu za su tuna 'yar uwar wannan dabarar da aka koya mana da misalin kifi a tafki. A ce daren farko ka samu mutum 100 ka ba kowa ɗan kati. Dare na biyu ka sake samun 100, sai ka tarar 50 ne kawai suke da katin. To rabi ka gani a daren farko, jimillar ta kusa 200. Lissafin da muka yi ta haddacewa don jarrabawa ne, ashe yana da aiki a bakin Kasuwar Sabon Gari.

Kano kuma sai an ƙirga sau biyu a shekara, in ba haka ba adadin ƙarya zai yi. Na hunturu daban, lokacin da 'yan ci-rani suka cika gari, na tsakiyar damina daban, lokacin da suka koma gona. Wanda ka tarar a bakin shago a watan Agusta, ruwa yana dukansa, shi ne wanda da gaske ba shi da wurin komawa. Azumi kuma a kauce masa, don masu zuwa neman sadaka da zakka suna kumbura adadin.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. A jihar nan aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zana taswirar unguwanni da rugage saboda yaƙi da shan-inna, aka riƙa ba masu rigakafi waya a aljihu tana nuna layin da suka bi da wanda suka tsallake, har aka kai ga tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Yau manhajar KoboToolbox ta tattara bayanai kyauta ce, QGIS ta zana taswira kyauta ce, wayar da ke hannunka tana nuna inda kake tsaye da kuskuren 'yan taku kaɗan. Wannan sauƙin ne ma ya kusa kai ni ga yin abin da zan yi nadama.

Daren da muka fita gwaji, cikin sanyin Janairu, wani mai shayi ne ya yi mana jagora, bayan mun sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. Ba zan faɗi layin ba. Aikina shi ne duk inda muka ga mutum a kwance in danna waya ta ɗauki wurin, ɗigo ja ya fito a taswira. Wallahi daɗi nake ji, ina ganin ɗigon yana ƙaruwa ina hango makin da za mu samu. Sai wani dattijo ɗan dako, wanda na ɗauka barci yake, ya yaye mayafi ya ce, "Ɗana, me kake dannawa a kaina?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗalibai ne mu. Alama nake sa wa wurin don a san akwai mutane a nan."

Ya ce, "Wa zai sani?"

Na ce, "Makaranta za mu kai wa, Baba."

Ya ce, "Ita makarantar wa za ta kai wa?"

Na yi shiru. Ya tashi zaune ya gaya mini ya shekara da shekaru yana kwana a ƙofar shagon nan. Shi da mai shagon ba takarda a tsakaninsu, amana ce: yana share ƙofa, yana sa ido a kan kwado, shi kuma ba ya korarsa. Ya ce, "Ban hana ka ƙirga ni ba, ni mutum ɗaya ne, rubuta. Amma ranar da wurin nan ya shiga takardar hukuma, ranar na rasa shi. Mota za a turo."

Abokina ya so ya yi masa bayanin cewa mu ba hukuma ba ne. Na taɓa shi na ce ya bari, domin dattijon ya fi mu sanin tarihin abin da yake magana a kai. A ƙasar nan an daɗe ana rubuta sunan talaka don a karɓa a wurinsa. Kakanninmu sun san ƙirgar haraji da jangali, wadda ake ɓoye samari da shanu saboda ita, har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano a 1979. Na kusa-kusa kuma, a Fabrairun 2020 gwamnatin jiha ta sanar da hana bara a titi, bayan 'yan watanni, cikin kullen korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Ban ce duk wanda ya yi wannan mugunta ya nufa ba, kowa da hujjarsa. Amma in kai ne a kan kwalin, abin da ka koya shi ne daga an san inda kake, sai mota.

Ba hukuma kaɗai ba ma. Mu faɗa wa juna gaskiya a kan inda furojet ɗinmu yake ƙarewa. Kwafi ɗaya a laburare, ɗaya a ofishin sashe, ɗaya kuma yana nan a kwamfutar shagon da ya buga mana, inda baɗi za a sayar wa wani ya canza suna. Yanzu a ce a ciki akwai shafin da ya nuna kangon da mata 'yan gudun hijira suke kwana da 'ya'yansu mata, da lungun da 'yan dako suke kwana da cinikin sati a ƙugu. Wa ka yi wa aiki? Ɓarawo da ɗan daba da mai lalata yara ba sa buƙatar su iya QGIS kafin su gane ɗigo ja a bayan kasuwa. Ni da nake da ƙofa da sakata ba zan yarda a buga hoton gadona da lokacin da nake barci ba. Wanda ba shi da ƙofa, rashin sanin inda yake shi ne sakatarsa.

Wata 'yar rukuninmu ta kawo hujja mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ta ce in ba ɗigo, ta yaya mai son raba bargo ko ma'aikacin lafiya zai same su? Amsata ita ce mai tsara aiki ba ya buƙatar ƙofar shago, yanki yake buƙata. A yanka tsakiyar gari murabba'i-murabba'i, kowanne kamar rabin kilomita, ko a bi mazaɓu, tunda Fagge da Birni da Nassarawa duk a rabe suke. A ce murabba'i kaza mutum kaza ne, kashi kaza 'yan ci-rani, kashi kaza mata da yara, ban-ɗakin da ke buɗe da dare guda nawa. Wannan ya ishi Hukumar Zakka da Hubusi ko ma'aikatar lafiya ko wani attajirin Kwari ya san inda zai sa kuɗinsa. Wanda kuma ya zo da bargon da gaske, ya yi abin da muka yi: ya je wurin mai shayi. Mai shayi ya san kowa, kuma yana da ido, ya san wanda zai kai da wanda zai ce wa bai sani ba. Fayil ba ya iya wannan tantancewar, duk wanda ya buɗe shi ba shi yake yi. Murabba'in da aka samu mutum biyu ko uku kacal ma a haɗe shi da na kusa, don kada a gane su. Ba suna, ba hoto. Masu ɗaukar hoton mutum yana barci su sa a Facebook da sunan tausayi, Allah Ya shirye su. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ban ga inda ta ce ban da wanda yake kwana a kan kwali ba.

Akwai tambayar da ta fi wannan ciwo, wadda wani matashi mai jari-bola ya jefo mana a daren: "In kun ƙirga mu, sai me?" Gaskiya ba ni da alkawarin da zan yi masa, kuma ban yi ba. Ƙirga ba ta gina ɗaki. Amurka ta shekara da shekaru tana ƙirga, adadin bai ƙare ba. Abin da na sani shi ne in akwai adadi na bana da na baɗi, ranar da wani ya hau mumbari ya ce ya magance matsalar, akwai takardar da za a ɗaga masa. In kuma aka yi kame aka ce tituna sun yi fes, ƙirgar murabba'in da ke gaba za ta nuna ba raguwa suka yi ba, matsawa suka yi.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai masu shigowa. Kuɗin da ake kashewa a makon ɗalibai, kaɗan daga ciki ya isa a yi wannan aikin sau biyu a shekara. Muna da 'yan ƙididdiga, muna da 'yan safiyo da tsara birane, muna da 'yan kwamfuta, kowa yana neman taken furojet yana kwafar na shekara biyar da ta wuce. A nemi izinin makaranta, a zauna da hukumar ƙididdiga ta jiha da masu unguwanni da shugabannin kasuwa, a rubuta a takarda tun farko cewa ba za a ɗauki takamaiman wurin kwanan kowa ba, kuma ba za a yi kame a daren ƙirga ko a satin da ya biyo baya ba. In ba a samu wannan alkawarin ba, a fasa fitar. Kada kowa ya fita shi kaɗai. Kuma dole a nemi hanyar da 'yan uwanmu mata za su shiga aikin, ko da da asuba ne tare da rakiya, domin mu maza huɗu da ɗan jagoranmu kusan ba mu ga mace ba a titi, ba don babu su ba. Suna cikin masu jinya a harabar asibiti, suna cikin fasinjojin da kullum "motar safe" suke jira a tasha, kuma ba za su yi magana da ƙato da tocila ƙarfe uku na dare ba. 'Yar rukunin namu da ba ta fita daren ba, ita ta gano mana wannan da rana tsaka, da hira kawai.

Ɗigon da na ɗauka a daren nan na goge su kafin mu bar layin, a gaban dattijon, duk da ban tabbata ya gane abin da na nuna masa a wayar ba. Malamin da ke duba aikinmu bai ji daɗi ba da farko, ya ce taswira mai ɗigo ta fi nuna an sha wahala, kuma masu jarraba mu za su tambaya. Mun yi ta kai-kawo kusan sati biyu kafin ya sa hannu a kan ta murabba'i, da sharaɗin in ƙara shafi biyu in kare dalilina. Wata mai zuwa za mu tsaya gaban malamai. In sun rage mana maki a kan babi na huɗu, 'yan rukunina sun ce ni zan saya musu shayi har mu bar makarantar nan.